Shafi na Tamanin da Bakwai

Ƙarfe tara da 'yan mintuna na safiyar Litinin matar ta shigo caji ofis, sanye da fararen kayan asibiti, rungume da jakar takardu da ta kumbura har zif ɗinta ya ƙi rufuwa. Ko kallon bencin jira ba ta yi ba, ta nufi kanta.

"Na zo kawo ƙarar sata," ta ce.

Saje, wani kakkauran mutum da bakinsa ba ya rabo da raha, ya jawo littafin rahoto ya cire murfin biro da haƙori.

"Me aka sace? Waya ko jaka?"

"Aurena."

Saje ya ɗago ya dube ta daga sama har ƙasa. "Baiwar Allah, mu nan ɓarayin babur muke kamawa. In mijinki aka ɗauke, wannan ya fi ƙarfin kakinmu."

"Ban ce mijina ba. Mijina na san inda yake. Aurena na ce."

Sufeto ta zo wucewa da kofin shayi a hannu, maganar ta tsayar da ita. Siririyar mace ce mai tabarau, ba ta cika magana ba. A bayan idonta 'yan ofis Allura suke ce mata, wai komai ƙanƙantar kafa sai ta shige. Ta dubi matar, ta ga idanunta sun yi ja amma babu hawaye a ciki.

"Biyo ni ofis, 'yar'uwa," ta ce. "Saje, taho da littafinka."

Matar ungozoma ce a wani asibitin haihuwa. Mijinta mai walda ne. Shekara biyar da aurensu, huɗu daga ciki yana ƙasar waje, yana aiki a wurin ƙera jiragen ruwa. Da ciki ya tafi ya bar ta, don haka 'yarsu, da suke ce wa Shalele, ba ta taɓa ganin ubanta ba sai a fuskar waya. Bara ya sami takardar zama ta dindindin, wadda ta ba shi damar ɗauko iyalinsa.

"Babu abin da ban haɗa ba," in ji Ungozoma, tana jera takardu a kan tebur. "Fasfo, takardar haihuwar yarinya, hotuna, wasiƙarsa, ga takardar aurenmu. Ofishin jakadanci suka ce sai na ƙara da wasiƙar tabbatarwa daga ofishin rajistar aure. Wata bakwai ke nan da na je. Suka karɓi kwafin fasfonsa da na takardar zamansa, suka ce in je in dawo. Ranki ya daɗe, na yi je ki dawo har takalmina ya cinye. Da na gaji sai na miƙa takarduna haka nan."

"Sai me ya faru?"

Ta zaro wata wasiƙa mai hatimi ta miƙa mata.

Sufeto ta karanta sau biyu. Ofishin jakadancin sun ce takardar aurenta ta jabu ce. Sun tuntuɓi ofishin rajista, an ba su amsa cewa a shafi na tamanin da bakwai mai waldan wata mata daban ya aura, kuma ita wannan matar ta riga ta nemi biza tun wata huɗu da suka wuce. Sun ba Ungozoma kwana goma sha huɗu ta kare kanta. In ta kasa, za a hana ta shiga ƙasar shekara goma, kuma a miƙa ta ga 'yan sanda.

"Shi ne na ce gara in kawo kaina," ta ce.

Saje ya yi gyaran murya. "Madam, kada a ce na yi baƙin baki, amma mu maza in muka yi nisa da gida..."

"Kira mana shi," Sufeto ta ce da Ungozoma, ba ta ko waiwayi Saje ba.

Suka yi sa'a bai shiga aiki ba tukuna. Fuskarsa ta fito a waya, hular kwano a kai, ƙarafa suna ƙara a bayansa. Da ya ji wadda ke magana sai ya cire hular.

"Ranki ya daɗe, wallahi mace ɗaya na taɓa aura, ga ta nan gabanki. Kwana uku ke nan abinci ya ƙi shiga cikina."

Sufeto ta ɗaga takardar auren kusa da tabarau. A inda ango ke sa hannu babu rubutu, sai shatin yatsa.

"Malam, ba ka iya rubutu ba ne?"

"Na iya mana! Kwana uku kafin auren wuta ta ƙone ni a hannun dama, yana naɗe da bandeji. Babban yatsan hagu na dangwala, a takardar da kuma a babban littafinsu. Har akawun ya ce bai taɓa ganin angon da ya zo da hannu kamar ɗan dambe ba."

"Ofishin jakadanci sun taɓa kiran ka?"

"Ko sau ɗaya. Ai in muka shiga aiki a loka, akwatin ajiyar kayanmu, muke kulle waya, sai mun tashi."

Sufeto ta rubuta wannan, ta ja layi a ƙarƙashinsa.

Bayan azahar suka isa ofishin rajistar aure. Tsohon gini ne mai dogon baranda, da benci biyu inda ango da amarya ke jiran a kira su. Rajistara ya tarbe su da kansa a bakin ƙofa. Dattijo ne tsaf-tsaf, kwat ɗinsa babu ko ɗigon ƙura, turarensa ya riga shi fitowa.

"Sannu da zuwa, Sufeto. Ai na san maganar. Abin tausayi ne, wallahi. Matan nan 'yan damfara ke ruɗar su, su buga musu takarda a bayan kasuwa, su kuma su zo suna mana kuka a baranda."

"A nuna mini littafin, yallaɓai."

Ya danna ƙararrawa. Akawu ya shigo, wani ramammen mutum mai kimanin shekara arba'in, da gungun makullai a rataye a ƙugu. Ya je ya ɗauko littafin, ƙato mai baƙin bango, ya ajiye yana satar kallon Saje.

Sufeto ta buɗe shafi na tamanin da bakwai. Sunan mai walda na nan, da kwanan watan auren daidai. Sunan amaryar ne na wata daban. A gurbin ango kuwa, ga sa hannu an lanƙwaya shi gwanin kyau, babu shatin yatsa.

Ta buɗe shafin baya, ta buɗe na gaba, ta dawo. Takardar tamanin da bakwai ta fi maƙwabtanta haske. Ta danna littafin ya baje sosai, ta bi gindin shafin da farce a hankali. Can ciki ta ji ɗan tudu, siriri kamar zare. An yanke shafin asali da reza, an bar ɗan gefe, an manna sabo a kai da gam.

"Wa ke rubutu a littafin nan?"

"Akawu," in ji Rajistara. "Shekara tara shi ke yi. Ko ba rubutunka ba ne wannan?"

Akawu ya leƙa. "Ya yi kama da nawa, yallaɓai."

"Makullin ɗakin ajiya fa, guda nawa ne?" Sufeto ta tambaye shi.

"Ɗaya ne tak, ranki ya daɗe. Yana hannuna."

"Ka taɓa ba wani?"

"Ban taɓa ba."

"Ko na awa ɗaya?"

"Ko na minti ɗaya."

Ta miƙa masa takarda da biro ta ce ya rubuta abin da ya faɗa ya sa hannu. Ya karɓa da hannun hagu. Tana tsaye tana kallon yadda gefen hannunsa ke bin bayan biron yana shafe tawada tun ba ta bushe ba.

Kafin su fita Saje ya nuna bangon da ke bayan kujerar Rajistara. Ƙusa ce ita kaɗai, ƙarƙashinta fentin ya fi na sauran bangon haske, murabba'i daidai girman littafin makaranta.

"Yallaɓai, ɓarayi sun shigo muku nan ma?"

Rajistara ya yi dariya. "Tsohuwar kalanda ce, shekara ta ƙare muka sauke."

Suna shiga mota Saje ya buga cinya. "Madam, me muke jira? Shi ke rubutu, shi ke da makulli, ga gumi yana ta zubo masa kamar an matse soso. Mu ɗauke shi kawai."

"Ƙarya yake yi, wannan na yarda," in ji Sufeto. "Amma bahago ne. Shafi na tamanin da shida da na tamanin da takwas duk tawada ta shafe a kan layi. Na tamanin da bakwai fes yake. Mai dama ne ya kwaikwayi rubutunsa."

"To me ya sa zai yi ƙaryar da za ta ɗaure shi?"

"Shi nake so ka gano mini. Ka sa masa ido, kada ya sani."

Washegari Talata ta tafi ofishin jakadanci. Bayan an caje jakarta an karɓe wayarta, aka kai ta wani ɗaki mai sanyi inda jami'in biza ke jira. Dogon mutum ne mai furfura, wanda ganin takardun jabu ya sa bai yarda da kowa ba.

"Sufeto, mun bi ƙa'ida," ya ce. "Mun rubuta wa ofishin rajista, Rajistara da kansa ya amsa. Ranar Juma'a za mu ba matar da ta fara nema bizarta."

"Ina so in ga fayil ɗinta."

Ya turo mata shi. Hoton wata matashiya ne a sama, mai wushirya, da ɗan tabo a gefen gira. Sunan uban da ke fasfonta bai tuna wa Sufeto kowa ba. A ƙarƙashi ga hotunan biki guda uku.

Ta jera su kusa da kwafin fasfon mai walda.

"Yallaɓai, duba fuskar angon nan. A zaune, a tsaye, a cikin mota, duk kallo ɗaya yake yi, inuwa ɗaya a ƙarƙashin hancinsa. Yanzu duba hoton fasfonsa."

Jami'in ya sa tabarau ya sunkuya.

"Amma mun yi magana da shi," ya ce, muryarsa ta sauka. "Ga lambar a fayil, ta ƙasarmu ce. Sau biyu muka kira ta intanet. Ya tabbatar mana da wannan, ya ce ungozomar bai taɓa jin sunanta ba."

"Ƙarfe nawa kuka kira?"

Ya duba. Duk biyun tsakiyar lokacin aiki ne a can.

"A wannan lokacin wayarsa tana kulle a loka. Yaya muryar take?"

"Gaskiya ta ɗan yi mini tsufa a kan shekarunsa. Na ɗauka mura ce."

Sufeto ta kwafi lambar, ta karɓi kwafin hoton matashiyar. "Alfarma biyu nake nema. Kada ku kira lambar nan, kada kuma ku gaya wa kowa na zo. Jibi da safe ina so ka zo ofishin rajista ka gani da idonka."

Laraba da tsakar rana Saje ya kira ta, yana haki.

"Madam, mutuminki ya sulale ta ƙofar baya. Na biyo shi har babban asibiti. Zo ki ga."

A sashen masu ciwon ƙoda ta same su. Akawu yana durƙushe gaban wata tsohuwa da ke kan keken marasa lafiya, yana gyara mata silifas. Da ya ga kaki sai ya koma benci ya zauna. Sufeto ta gaishe da tsohuwar da ladabi, ta jira nas ta tura ta ɗakin wankin ƙoda, sannan ta zauna kusa da shi a benci.

"Mahaifiyarka ce?"

"Ita ce, ranki ya daɗe."

"Allah ya ba ta lafiya. Ina makullin?"

Ya shafa ƙugunsa. Babu komai a wurin. Sai ya rufe fuska da tafin hannu.

"Duk Laraba nake kawo ta, shekara biyu ke nan. Ba ni da wanda zai kawo ta. Ba ni da izinin fita, in hedikwata suka ji korata za su yi. Yallaɓai Rajistara ne ke rufa mini asiri. Ina ba shi makullin in tafi, in karɓa da safe. Ranar da kuka zo, tun kafin ku iso ya ce mini in na faɗi maganar Laraba ni zan kwana a ciki."

"Ka tuna angon da ya zo da bandeji?"

Akawu ya ɗago da sauri. "Ɗan damben nan! Na tuna shi sarai. Ni na riƙe masa yatsa ya dangwala. Da na ga shafin nan shekaranjiya gabana ya faɗi, na san ba shi ba ne. Tsoro ne ya ɗaure mini baki."

"Sabbin littattafan da ba a fara rubutu a ciki ba, ina ake ajiye su?"

"A kabad ɗin ƙarfe na ofishin yallaɓai. Wannan ni ko makullinsa ban taɓa riƙewa ba."

Ta zaro hoton matashiyar ta ɗora masa a gwiwa. Bai ɗauki daƙiƙa biyu ba.

"Ai 'yar ƙanwar yallaɓai Rajistara ce. Marainiya ce, shi ya raine ta tun tana goye. Hotonta na gama jami'a shi ne a bangon ofishinsa shekara da shekaru. Watannin baya na shigo na ga babu."

Saje ya saki baki. "Kalanda mai wushirya ke nan!"

Sufeto ta miƙe. "Gobe ka zo aiki kamar kullum, ka karɓi makullinka, ka gaishe shi. Maganar Laraba kuma ni zan rubuta wa hedikwata da hannuna. Kai mahaifiya asibiti ba abin ɓoyewa ba ne."

Daga nan kotu ta wuce, ta fito da takardar izinin bincike kafin a tashi.

Alhamis da hantsi barandar ofishin rajista ta cika. Anguna da amare huɗu ne a benci, da shaidunsu, kowa ya sha ado. Ta tsakiyarsu Sufeto ta ratsa, Saje da wani kofur a bayanta, sai jami'in biza, sai Ungozoma da jakarta.

Rajistara ya miƙe da murmushi, amma da ya ga dogon mai furfura sai murmushin ya tsaya a rabi.

"Yau manyan baƙi gare mu. Bismillah, ku zauna."

Babu wanda ya zauna. Sufeto ta sa Akawu ya kawo littafin, ta buɗe, ta kama hannun jami'in biza ta ɗora yatsansa a gindin shafin.

"Ka ji tudun? An yanke, an manna."

"Innalillahi!" Rajistara ya dafe ƙirji, ya juya ga Akawu. "Kai ne ashe? Shekara tara ina riƙe da kai kamar ɗan cikina!"

"Shi bahago ne, yallaɓai. Shafin nan da dama aka rubuta shi. Kuma ran Laraba makullin a hannunka yake kwana."

"Ƙarya yake mini don ya tsira."

"To, bar wannan. Kowane shafi da lambarsa aka bugo shi daga maɗaba'a. Wanda ya yi aikin nan sai da ya sami farin shafi mai lamba tamanin da bakwai. Buɗe mana kabad ɗin can."

"Wannan kayan gwamnati ne, ba ki da hurumi."

Ta ajiye masa takardar kotu a kan tebur. Ya karanta, ya laluba aljihu, makullin ya faɗi ƙasa sau biyu kafin ya shiga. Sabbin littattafai shida ne a jere. Saje ya fara da na sama, yana lasar yatsa yana buɗewa. Na farko lafiya, na biyu lafiya. A na ƙarshe, wanda aka tura can ƙasa, ya tsaya.

"Tamanin da biyar, tamanin da shida, tamanin da takwas. Madam, ko dai ni ne ban iya ƙirga ba?"

"Kuskuren maɗaba'a ne," in ji Rajistara. Gumi ya fara jiƙa masa kwalar riga. "Yana faruwa. Wannan ba hujja ba ce a gaban alƙali."

"Na ji," in ji Sufeto. "Bari mu tambayi ango da kansa, tun da yallaɓai jami'i ya ce yana amsa waya."

Ta fito da wayarta, ta danna lambar da ta kwafo, ta ɗaga sama. Ɗakin ya yi tsit har ana jin kukan fanka.

Sai ga wani kiɗa siriri yana tashi daga ƙasan teburin Rajistara.

Rajistara ya kai gwiwa ya danne durowar ƙasa, kamar hakan zai sa ta yi shiru. Kiɗan ya ci gaba. Saje ya zagaya, ya ɗage shi gefe da hannu ɗaya, ya jawo durowar. Ƙaramar waya ce tana haske tana rawa. Ƙarƙashinta hoto ne a kife cikin firam, matashiya mai wushirya da hular gama jami'a. Ƙarƙashin hoton kuma doguwar ambulan.

Sufeto ta sa safar hannu ta buɗe ambulan ɗin. Ta zaro takarda guda da ta fara yin ruwan ƙasa, gefenta a yanke tas. Lamba tamanin da bakwai. Tawada a shafe a kan kowane layi. Sunan mai walda, sunan Ungozoma, sa hannunta, kusa da shi kuma shatin babban yatsa, baƙi ƙirin.

Ungozoma ta matso ta duba. Ba ta taɓa ba.

Rajistara ya zube a kujera. Da ya yi magana, duk ƙasaitar nan ta tafi.

"Sau uku ana hana yarinyar nan biza. Ta yi karatu, babu aiki, kullum tana ɗaki tana kuka. Uwarta a hannuna ta cika, ta ce ga amana. Ranar da baiwar Allahn nan ta kawo takardun mijinta na ga komai ya cika, shekarunsu ma kusan ɗaya. Ni na yanke, ni na rubuta, ni na kai aka haɗa hotunan, ni nake amsa wayar. Wallahi ban yi niyyar cutar da ita ba. Shi ya sa ban ƙone shafin ba. Cewa na yi in yarinyata ta sauka lafiya sai in mayar."

"Ka mayar bayan an hana ta shiga shekara goma?" Sufeto ta tambaya. "Bayan ka rubuta da hannunka cewa takardarta jabu ce? Kana zaune a nan za a kai ta kurkuku, kuma da muka zo ka nuna mana akawunka."



Ungozoma ta ajiye jakarta a kan teburinsa, ta dube shi ido cikin ido.

"Baba, wata bakwai ina zuwa ina durƙusa maka. Kana tambayata ya jikin Shalele, kana ba ta alewa, aurena yana cikin durowarka. Taka 'ya ce, tawa fa? Ita daga sama ta faɗo?"

Ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirji.

"Yarinyar ba ta da laifi," ya ce a hankali. "Abin da na ce ta yi ta yi."

"Ita ta sa hannu a fom, ita ta zauna a gaban jami'i ta ce mijinta ne," in ji Sufeto. "Alƙali zai auna nata. Kofur, karɓi adireshi ka je ka taho da ita, kada a ɗaga mata murya."

Jami'in biza ya cire tabarau ya goge, ya tsaya gaban Ungozoma ya ɗan rusuna.

"Madam, mun yi miki ba daidai ba. Yau zan janye wasiƙar nan. Shatin yatsan mijinki yana cikin na'urarmu, gwadawa ba za ta ɗauki awa ɗaya ba. Ranar Litinin ki zo da fasfonki da na yarinyar. Kada ki bi layi, ki ce ni nake jiran ki."

Sai a lokacin hawayen suka zo mata, tana yi tana dariya. Ta rungume Sufeto har tabarau ya karkace. Ta zaro waya ta kira mijinta, wayar ta ƙi shiga, yana bakin aiki. Ta danna wurin saƙon murya, ta yi magana da ƙarfi, ba ta damu da masu ji ba.

"Baban Shalele, an gani! An ga yatsanka! Ka nemi ƙaramin gado, ka nemo mata rigar sanyi. Muna tafe."

Saje ya ciro ankwa ya ƙarasa gaban Rajistara. "Yallaɓai, miƙo hannun daman nan mai iya rubutu."

Da aka buɗe ƙofa, mutanen baranda duk suna tsaye, don babu abin da bai shiga kunnensu ba. Suka dare biyu. Rajistara ya bi ta tsakiya, kansa a ƙasa, Saje yana riƙe da gwiwar hannunsa. Wata dattijuwa cikin shaidu ta fara tafa wa Ungozoma, sauran suka ɗauka, har masinja da mai shara.

Wani ango ya tare gaban Sufeto, duk ya rikice.

"Ranki ya daɗe, mu fa? Tun ƙarfe takwas muke nan."

"Mataimakin rajistara yana hanya, na kira hedikwata," ta ce. "In an rubuta naku, ka tsaya ka karanta sunan amaryarka da kyau kafin ka sa hannu."

Ta sa ambulan ɗin a hammata, ta sauka matakala. Saje ya riga ya shigar da mutumin bayan mota ya rufe ƙofa. Ta zauna a gaba, ta gyara tabarau, ta ce da direba su tafi.